AKORI-KURAR ƘUNGIYA: JARKA BA TANKI BA CE

'Yan'uwa manoma, ran wata kasuwa na shiga wata tsohuwar akori-kura daga Kurfi za ni Dutsin-Ma. Motar ta wata ƙungiyar manoma ce ta ekklisiya. A baya an ɗora buhunan gero da dammunan harawa, mata huɗu suna zaune bisa kayan. Ni aka girmama, aka ba ni gaba. Da na zauna sai na ji ƙafata ta taɓa wani abu. Ko da na duba, ashe jarkar roba ce cike da fetur, an toshe bakinta da tsumma, ga wata siririyar tiyo ta fito daga ciki ta nufi inji. Na tambayi direba, ya ce, "Malam, ai tankinta ke nan. Na ainihin ya ruɓe tun bara." Ya kuma roƙe ni in tokare ta da ƙafa in mun shiga gargada.

Mun isa lafiya, godiya ga Allah. Amma tun ran nan maganar ba ta bar raina ba, gama na san ba ita kaɗai ke yawo haka ba.

Yawancin waɗannan motoci Peugeot ne, wadda muke kira Fijo, 404 ko 504. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000. Mota ce mai haƙuri, kowane bakanike ya san cikinta. Ita ke kai taki gona, ita ke kwaso tumatir daga wajen madatsar ruwa ta Zobe, in mace na naƙuda da tsakar dare ita ake tayarwa. Sai dai ƙarfe ma yana tsufa, kuma tanki yakan riga inji gajiya.

ABIN DA KE CIN TANKI

Ruwa ne. Ya fi fetur nauyi, don haka duk wanda ya shiga sai ya kwanta a gindin tanki. Wani yakan shiga tare da man 'yan bumburutu, wani ta murfin da ya saki. Wani kuma raɓa ce: tankin da kullum ba ya wuce kwata, da damina iska mai laima takan cika sauran wurin, in dare ya yi sanyi ta zama ɗigon ruwa. Daga nan sai tsatsa. Tsatsar ta bi bututu ta toshe kafireto, mota ta riƙa shaƙewa a hawa. Ƙarshenta gindin tanki ya zama rariya.

A nan ne bakanike zai ce a sa jarka "kafin a sami kuɗi". Kafin ɗin nan yakan kai shekara uku.

To, ga illar. Ba ruwan fetur ke fara kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Tururin nan ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasan mota wajen ƙafafun mutane, daidai inda tsofaffin wayoyin lantarki suke. Tartsatsi guda ya isa. Waɗansu ma a cikin bonet suke rataye galan, sama da kafireto, don mai ya gangara da kansa in famfon mai ya mutu. Watau sun rataye fetur bisa inji mai zafi, kusa da batir. Ku tuna kuma abin da ke baya: harawa, kara, auduga, da mutane.

Akwai wata wahala kuma. A 2021, saboda 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da fetur a jarka. A lokacin, mai irin wannan mota sai ya tsaya dogon bayani a gidan mai, ko a shingen jami'an tsaro.

A FARA DA NA AINIHIN

Kafin a yi zancen sauya wa tanki wuri, a sauke shi a duba. Sau da yawa datti ne kawai. A juye sauran man, a zuba tsakuwa mai tsabta da ɗan kananzir, mutum biyu su girgiza shi sosai, a ɗauraye, a shanya har ya bushe ƙayau. A yi aikin a fili, nesa da murhu.

Game da walda, ku ji da kyau. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin cike yake da tururi. Yakan fashe a fuskar mai walda ko da ya kwana biyu babu mai a ciki. Kada ku kai wa yaron da ke koyo. In ramukan sun yi yawa, ni dai shawarata a haƙura da shi, a aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano a nemo wani. A leƙa cikinsa da tocila kafin a biya.

IN DOLE SAI AN SAUYA WURI

Wani lokaci irin na ainihin ba ya samuwa, ko kuwa ƙarafan da ke riƙe shi sun ruɓe. Sai a ɗauko na wata mota a nema masa mazauni. Wuri mafi kyau shi ne ƙarƙashin bodi, tsakanin ƙarafan shasi biyu, inda suke kare shi. Kada gindinsa ya sauko har dutse ko kututture ya iya dukansa a hanyar gona. Kada ya zarce ƙarshen shasi ta baya, gama nan wata mota za ta fara duka. Ya yi nisa da salansa; in wurin ya matse, a sa farantin ƙarfe tsakaninsu. A ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe da noti, a shimfiɗa robar tsohon tubu tsakani don kada guga ta huda shi. Ba igiya ba, ba waya ba. Lita 60 ta fetur ta kai kilo 45, kusan rabin buhun masara ke nan yana tsalle a kowane rami.

Masu sa shi a cikin bodi, bayan ɗakin direba, su sani sun rage wurin kaya, kuma sun kawo shi kusa da fasinja. In babu makawa, a kafe shi da noti, a yi masa akwati na katako mai kauri don kada fartanya ko galma ta soke shi, bakin zuba mai kuwa ya fita waje. Cikin ɗakin direba kam, babu zancensa sam.

Kada a manta da numfashi. Tanki yana bukatar ƙaramar kafa da iska za ta shiga yayin da mai ke raguwa. In babu, mota za ta yi tafiya kaɗan ta mutu, a buɗe murfi a ji ya ja iska, ta sake tashi. Bututun numfashin ya hau sama tukuna, sa'an nan ya lanƙwaso ƙasa a wajen mota.

BUTUTU DA FAMFO

Daga tanki zuwa inji a yi amfani da bututun ƙarfe, a maƙale shi a jikin shasi wuri-wuri don kada ya riƙa rawa. Tiyo sai a gaɓoɓi kaɗai, kuma ta zama wadda aka yi don fetur, da maɗauri a kowane baki. Na ga mota da robar ƙarin ruwa ta asibiti, na ga wata da tiyon ban-ruwa. Fetur yakan cinye su, su bushe su tsage. Araha ba ta ado.

A sa filta tsakanin tanki da famfo. Mai haske ta fi, domin direba zai ga ruwa ko tsatsa da idonsa.

Famfon ainihi a jikin inji yake, inji ke motsa shi. Da bazara, Maris da Afrilu, zafi yakan sa man da ke cikinsa ya zama tururi, ya kasa ja. Shi ya sa kuke ganin direba yana ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a bakin hanya. Mutane da yawa yanzu suna sa na lantarki, ba laifi, amma da sharaɗi. Na lantarki ya fi iya turi da ja, saboda haka kusa da tanki ake kafa shi, ƙasa-ƙasa, ba cikin bonet ba. Ya zama mai ƙaramin ƙarfi, irin na kafireto. Na motocin zamani yana turi kamar ninki goma na abin da kafireto ke iya ɗauka; zai rinjayi allurar da ke tsayar da mai, fetur ya malalo bisa inji. A sa masa fis. A haɗa wayarsa yadda zai tsaya da zarar an kashe makulli, in da hali ma da zarar inji ya mutu, don kada a yi haɗari shi kuwa yana ta feso mai.

MAGANAR KUƊI

Na san abin da ma'aji zai ce: asusu babu kuɗi. To, a yi lissafi. Kafin a janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, farashin gwamnati na lita bai kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Jarka mai bakin tsumma tana zubarwa a gargada, rana tana shan nata, kuma ba wanda ya san lita nawa aka zuba, nawa aka juye a babur. Tanki mai makulli da geji mai aiki shi ke ba sakatare damar rubuta kowace lita da kowace tafiya a littafi. In an kawo wannan gaban taron ƙungiya bayan kaka, lokacin da kowa ke da ɗan hatsi, tiya biyu ko uku daga kowane gida za ta rage nauyin ƙwarai.

Ran da bakanike ya gama, kada direba ya karɓi mota shi kaɗai. Dattijo ɗaya da sakatare su je. A zuba mai, a tada inji, a bi bututu da ido da hanci tun daga tanki har kafireto. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe a duba ko akwai ɗigo. Bayan mako guda a sake ɗaure notocin, gama sabon ɗauri yakan saki. A ajiye tukunyar kashe gobara inda hannun direba zai kai, in babu, bokitin yashi a baya. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa: man yakan hau kan ruwan ya bi shi duk inda ya gangara.