HANYA MAI LAMBA 80: DAGA TEKU ZUWA TEKU A ƘASAR AMURKA

A ƙasar Amurka akwai wata babbar hanyar mota wadda ta taso daga birnin San Faransisko, a bakin Tekun Fasifik, ta keta ƙasar gaba ɗaya ta nufi gabas, ba ta tsaya ba sai a wani gari wai shi Teaneck cikin jihar Niyu Jasi, 'yan mil kaɗan daga birnin Niyu Yok. Tsawonta wajen mil 2,900 ne, ta kuwa ratsa jihohi 11. Mutanen ƙasar suna kiranta Interstate 80, watau hanyar tsakanin jihohi mai lamba 80. Cikin irin waɗannan hanyoyi guda ɗaya tak ta fi ta tsawo, ita ce mai lamba 90. Direban da ya ke tsayawa ya ci abinci ya yi barci ya kan gama ta cikin kwana biyar ko shida, alhali kuwa mutanen da suka fara bin wannan sawu da keken shanu su kan yi wata huɗu zuwa shida kafin su ci rabinta da ɗan ɗoriya.

Abin da ya sa labarinta ya cancanci a ba da shi shi ne, galibin wuraren da ta bi koguna da duwatsu ne suka zaɓe su tun kafin a san mota. Injiniyoyi sun tarad da sawu ne suka shimfiɗa masa siminti. A wuri ɗaya da suka ƙi jin maganar 'yan ƙasa suka yanke, har yau ana biyan kuɗin wannan yanke.

Ita lambar ma tana da ma'ana. Bisa ga tsarin da aka yi, hanyar da ta miƙe gabas da yamma a kan ba ta lamba mai rabuwa biyu daidai, wadda ta miƙe kudu da arewa kuwa a ba ta mara rabuwa. Lambobin na gabas da yamma suna hauhawa ne daga kudu zuwa arewa. Saboda haka mai lamba 10 tana can kudu, mai lamba 80 kuwa tana sashen arewa.

INDA TA BI

Matafiyi da ya tashi daga San Faransisko zai fara haye wata doguwar gada da aka buɗe cikin 1936, wadda ta kai shi birnin Oakland. Girgizar ƙasa ta 1989 ta karya wani ɓangare na wannan gada, aka gyara, daga baya aka sāke gina sashenta na gabas aka buɗe shi cikin 2013. Daga nan sai Sakaramento, hedkwatar jihar Kalifoniya, sa'an nan a fara hawan duwatsun Sierra Nevada har a kai mashigin Donner, wanda bisansa ya wuce ƙafa 7,200 daga teku.

In an gangaro sai birnin Reno cikin jihar Nebada, ƙasa busasshiya mai ƙarancin mutane. A nan hanyar ta manne wa kogin Humboldt, wanda ba ya kai wa teku, sai dai ya ɓace cikin hamada. Da an shiga jihar Yuta sai a tarad da wani sarari fari fat na gishiri, shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, inda hanyar ta miƙe sak mil da yawa har ta kai birnin Salt Lake City a gefen babban tabkin gishiri.

Gaba kuma sai jihar Wayomin, tudu mai iska da sanyi. A nan ne hanyar ta kai matuƙar bisanta, ƙafa 8,640, tsakanin Laramie da Cheyenne. Daga can sai gangara zuwa Nebraska, inda ta yi mil 455, galibi a gefen kogin Platte. A Omaha a haye kogin Misuri a shiga Ayowa, ƙasar masara, sa'an nan a haye Misisifi a shiga Ilinoi. Hanyar ba ta shiga cikin birnin Shikago ba, ta bi ta kudancinsa ne, ta ratsa Indiyana da Ohayo, ta hau dazuzzukan tsakiyar Fensilbaniya, ta haye kogin Delaware ta faɗa Niyu Jasi.

SAWUN AYARI DA NA DOGO

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen ƙasar na asali, irin su Pawnee da Cheyenne da Shoshone da Paiute, su ke bin waɗannan koguna suna farauta. Dalili kuwa a fili ya ke: inda ruwa da ciyawa su ke, nan dabba za ta bi, nan kuma mutum zai bi. Daga wajen 1841 ayarin Turawa masu neman ƙasar noma suka fara bin kogin Platte da kekunan shanu, suna zango a bakinsa. Cikin 1847 mabiya ɗarikar Mormon, da madugunsu Brigham Young, suka bi ta nan suka kafa Salt Lake City. Da aka ga zinariya a Kalifoniya cikin 1848, sai mutane dubbai suka kwararo.

Sunan mashigin Donner yana tuna wa mutane haɗarin wannan tafiya. Cikin 1846 wani ayari na mutum 87 ya bar hanyar da aka saba, ya bi wata da aka ce musu ta fi gajarta, ta cikin duwatsun Yuta da sararin gishirin nan. Suka ɓata makonni, shanunsu suka mutu, suka iso duwatsun Sierra Nevada a makare. Dusar ƙanƙara ta rufe su a can duk tsawon hunturu. Mutum 48 kaɗai suka fita da rai. Da ma masu iya magana sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Bayan ayari sai wayar tangaraho cikin 1861, sa'an nan dogo. Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar gina hanyar jirgin ƙasa cikin 1862. Wani kamfani ya taso daga Sakaramento da dubban leburori 'yan ƙasar Sin, waɗanda suka fasa duwatsu da hannu da albarushi. Wani kuma ya taso daga Omaha. Suka gamu a Promontory cikin Yuta ran 10 ga watan Mayu, 1869. Da ya ke jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsanani, masu awon dogo sun sha wahala ƙwarai wajen neman wuraren da suka fi sauƙi, aikinsu kuwa ya amfani duk wanda ya zo bayansu.

Wannan buɗe ƙasa bai zo wa kowa da alheri ba. Ɓakanen ƙasar, waɗanda a dā miliyoyi ne, kuma su ne abincin mutanen asali da suturarsu, aka karkashe su har suka kusa ƙarewa. Su Pawnee kuwa, cikin shekarun 1870 aka tashe su daga bakin Platte aka kai su ƙasar da yanzu a ke kira Oklahoma.

TAFIYAR KWANA 62

Da mota ta fito, wani attajiri, Carl Fisher, da abokansa suka kafa ƙungiya don a sami hanyar mota daga teku zuwa teku. Aka sa mata sunan Lincoln, aka ƙaddamar da ita cikin 1913, daga Niyu Yok zuwa San Faransisko. Amma a wurare da yawa sunan hanya kawai gare ta: turɓaya da rani, taɓo da damina.

Cikin 1919 sojan Amurka suka so su gwada ta. Motoci 81 da mutum kusan 300 suka tashi daga Washinton ran 7 ga watan Yuli, ba su isa San Faransisko ba sai ran 6 ga Satumba, watau kwana 62. Motoci suka riƙa kafewa cikin laka da rairayi, gadojin katako fiye da 80 suka karye a ƙarƙashinsu, sai da suka tsaya suka gyara. Cikin hafsoshin da suka yi wannan tafiya akwai wani matashi mai shekara 28, Dwight Eisenhower. Bayan shekaru, sa'ad da ya shugabanci sojan ƙawance a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga manyan hanyoyin Jamus da yadda su ke sauƙaƙa jigilar soja da kaya. Da ya zama Shugaban Ƙasa cikin 1953 bai manta da abubuwan nan biyu ba.

INA AKA SAMI KUƊIN?

Ran 29 ga watan Yuni, 1956, Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta ba da izinin gina hanyoyi na mil 41,000, aka ware dala miliyan dubu 25. Masu riƙe da littattafan baitulmali za su so su ji yadda aka tsara abin. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin gini, jiha ta biya kashi 10. Amma hanyar ta jiha ce, ita za ta ba da kwangila, ita kuma za ta riƙa kula da ita. Don kada aikin ya dogara ga kasafin kowace shekara, aka buɗe asusu na musamman, aka ƙara harajin fetur daga sent 2 zuwa sent 3 a kan kowane galan, aka ce kuɗin ya zuba can. Ta haka mai amfani da hanya shi ke biyan kuɗinta, gwargwadon tafiyarsa.

Aka kuma kafa ƙa'idodi iri ɗaya ga jihohi duka. Kowane ɓangare, na zuwa da na dawowa, sai ya ɗauki aƙalla sahu biyu na motoci, kowane sahu faɗin ƙafa 12. Ba a yarda wata hanya ko dogo su gitta ta a ƙasa ba, sai ta gadar sama ko ta ƙarƙashi. Ba a shiga ko fita sai a wuraren da aka keɓe. A Indiyana da Ohayo an tarad da hanyoyi sababbi da jihohin suka riga suka gina da bashi, sai aka haɗe su cikin tsarin, shi ya sa a can har yanzu direba ya kan biya kuɗin hanya.

An zaci za a gama cikin shekara 13, amma aikin ya ja. Mashigin Donner ya kammala cikin 1964, Fensilbaniya cikin 1970, Nebraska cikin 1974. A Nebraska ramukan da aka haƙa don ɗibar rairayi da tsakuwa suka cika da ruwa, suka zama kududdufai jere a gefen hanya, inda mutane ke kamun kifi. Yanki na ƙarshe, yamma da Salt Lake City, an buɗe shi ran 22 ga watan Agusta, 1986. Ta haka mai lamba 80 ta zama ta farko cikin hanyoyin nan da ta haɗa teku da teku ba yankewa, shekara 30 bayan dokar.

YANKEN DUTSEN ELK

Yamma da Laramie cikin Wayomin akwai wani dutse da a ke kira Elk. Masu dogo sun kauce masa, suka yi kwana ta arewa ta garuruwan Rock River da Medicine Bow, tsohuwar hanyar mota ma ta bi su. Da aka zo gina sabuwa, ma'aikatan Gwamnatin Tarayya suka ga in an bi ta gindin dutsen za a rage kusan mil 20. Mutanen wurin da ma'aikatan jihar suka yi ta gargaɗi cewa iskar hunturu a can ba ta da kyau. Ba a saurare su ba.

Aka buɗe wannan yanki cikin watan Oktoba, 1970. Ba a yi mako guda ba dusar ƙanƙara ta sa aka rufe shi. Tun daga sa'an nan jihar ta ke kashe kuɗi tana kafa dogayen shingayen katako don su tare ƙanƙarar da iska ke korowa, ta sa ƙyamare na rufe hanya, da alluna masu canja iyakar gudu gwargwadon yanayi. Duk da haka kowane hunturu a kan rufe hanyar sau da yawa, iska ta kan kifar da manyan motoci, kaya su yi kwanaki a tsaye. Garuruwan da aka kauce wa kuwa, masu masauki da masu sayar da fetur da abinci suka rasa masu ciniki dare ɗaya. Mil 20 da aka rage a takarda an biya shi da dukiya da rayuka. Da ɗan gari a kan ci gari.

RIBA DA ASARA

Ba shakka hanyar ta kawo arziki. Kayan lambun Kalifoniya su kan isa kasuwannin gabas cikin 'yan kwanaki. A Walcott cikin Ayowa wata tashar manyan motoci da aka buɗe cikin 1964 ta bunƙasa har tana ɗaukar motoci wajen 900. Amma garin da mafitar hanya ba ta faɗo kusa da shi ba ya kan koma baya, a birane kuma an rushe unguwanni don a ba ta wuri. Mutanen San Faransisko sun ƙi yarda da haka. Cikin 1959 majalisar birnin ta soke yawancin hanyoyin da aka shirya ratsawa da su ta cikin gari, shi ya sa mai lamba 80 ta ƙare a gabashin birnin, ba ta kai bakin teku sosai ba kamar yadda aka so.

Matsalar da ta rage ita ce ta gyara. Siminti da gadoji sun tsufa, manyan motoci sun ƙaru, harajin fetur na Tarayya kuwa yana nan a sent 18.4 tun 1993, ga shi motocin zamani ba su shan mai kamar na dā. Jihar Fensilbaniya ta nemi izinin karɓar kuɗin hanya a nata yankin, Gwamnatin Tarayya ta hana cikin 2010. Gina hanya aikin shekara 30 ne, riƙonta kuwa ba ya ƙarewa.

A can ƙololuwar hanyar, tsakanin Laramie da Cheyenne, akwai babban mutum-mutumin kan Lincoln bisa ginshiƙin dutse. A bakin tsohuwar hanya aka fara kafa shi cikin 1959, da aka gama sabuwa sai aka ɗauko shi aka dawo da shi gefenta. Daga wannan tudu ba nisa zuwa dogon da ya sa wa hannu cikin 1862, wanda har yau jirage ke bi dare da rana.