Ƙididdigar Jami'a a Ajin Lise: Izini na Hannun Wa a Paraku da Jugu?

A Amurka, malamin sakandaren da ke son koya wa ɗalibansa ilimin ƙididdiga irin na shekarar farko a jami'a ya san inda zai kai buƙatarsa. Wata ƙungiya mai zaman kanta, College Board, ita ke riƙe da tsarin da ake kira AP, kuma tun 1997 take shirya jarrabawar ƙididdiga a ƙarƙashinsa. Malami zai gabatar da manhajarsa da littafin da zai yi aiki da shi, shugaban makaranta ya sa hannu, sannan a aika don tantancewa. Daga 2007 aka wajabta wannan mataki, kuma makarantar da ba a amince wa ba ba ta da ikon rubuta sunan AP a takardar sakamakon ɗalibi. A watan Mayu yara ke zama jarrabawar, maki daga 1 zuwa 5, wanda ya ci da kyau kuwa jami'o'i da dama sukan ɗauke masa wannan kwas in ya shiga.

Malamin lissafi a lise (babbar sakandare) Mathieu Bouké ta Paraku, ko a wata kolejin gwamnati a Jugu, duka a arewacin Benin, ba shi da irin wannan hanya. Jamhuriyar Benin tsarin Faransa ta gada: shekara shida a firamare, huɗu zuwa jarrabawar BEPC, sai uku zuwa bakaloriya, wadda kowa ke ce wa bak. Manhaja ɗaya ce daga bakin teku har Malanbil. Ma'aikatar ilimin sakandare ke tsara ta, sufetoci na bin sawu, ofishin bak da ke Kwatano kuma shi ke fitar da tambayoyi ga ƙasa baki ɗaya. Bak mabuɗin jami'a ce, amma ba ta rage wa ɗalibi ko da kwas guda. Ɗan Nijeriya zai tuna da IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke kai mutum aji biyu kai tsaye. Ita ma ba malamin sakandare ne ke neman izininta shi kaɗai ba.

Kada a yi saurin cewa Amurkawa sun fi dabara. Tsarinsu na tafiya da ƙarfin aljihu: kuɗin jarrabawa ɗaya ya kusa dala 100, makarantun karkara da na unguwannin talakawa kuma sun fi ƙarancin irin waɗannan darussa. A Benin, ko a takarda dai, ɗan manomin doya a Jugu da ɗan babban ma'aikaci a Kwatano abu ɗaya ake koya musu. Wannan gado ne da bai kamata a yar ba.

Kuma ba wai babu ƙididdiga a manhajar ba. Tun ƙananan azuzuwan koleji yaro ke koyon tsara alƙaluma a jadawali da fitar da matsakaici. Kafin ya gama tarminal, wato ajin ƙarshe na lise, musamman a ajin kimiyya, ya haɗu da lissafin yiwuwa, ya kuma iya jan layin da ke nuna alaƙar abubuwa biyu. Abin da kwas ɗin jami'a ya ƙara shi ne tambayoyin da ke zuwa kafin lissafi da bayansa: daga ina waɗannan alƙaluma suka fito, wa aka tambaya, wa aka bari, kuma iya ina za a yarda da sakamakon?

Misali, dillalin hatsi a kasuwar Arzeke ta Paraku ba ya zazzage buhun masara kafin ya yi ciniki. Ƙarfe yake sokawa ya ciro 'yan ƙwayoyi, kuma ba daga baki kaɗai ba, domin ya san mai buhu kan ɗora mai kyau a sama. Ilimin samfur ke nan, sai dai an sa masa ma'auni. Idan aka zaɓi mutum 1,000 ta hanyar ƙuri'a, ba son rai, aka tambaye su wani abu, amsar da za a samu a mafi yawan lokuta, sau 95 cikin 100, ba za ta kauce wa ta jama'a duka da fiye da kusan kashi 3 cikin ɗari ba. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne, wannan bai dogara da girman jama'ar ba sosai: dubun da ta wadatar ga Paraku za ta wadatar ga ƙasar duka. Wanda kuma ke son rage kuskuren da rabi, sai ya ninka samfurinsa sau huɗu, ba sau biyu ba.

Yawa ba ya gyara mugun zaɓe. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan biyu, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya yi masa kayen raba ni da yaro. Sunayen da mujallar ta aika wa takarda daga littattafan tarho da rajistar masu mota aka fi samo su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka amsa. George Gallup, da samfurin da bai kama ƙafar nasu ba, ya faɗi wanda zai ci. Fahimtar wannan ba ta buƙatar lissafin da ya fi ƙarfin ɗan lise.

Mutanen arewacin Benin na da dalilin damuwa da batun. Ƙidayar 2013, ta huɗu bayan ta 1979 da 1992 da 2002, ta ba ƙasar mutum miliyan goma da 'yan kai, Paraku kimanin 255,000, ƙaramar hukumar Jugu kimanin 268,000. Da irin waɗannan alƙaluma ake lissafin azuzuwa da asibitoci da rijiyoyi. Tsakanin ƙidaya da ƙidaya kuwa da samfur ake aiki: binciken lafiyar iyali na 2017 zuwa 2018 gidaje kimanin 14,000 ya shiga, daga nan aka fitar da bayanin rigakafi da haihuwa na kowace jiha. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wadda a da ake kira INSAE, yanzu INStaD, na buƙatar masu jin Dandanci da Barbanci da Fillanci da Hausa su shiga gida-gida. Makarantar ƙasa ta horar da masana ƙididdiga da tsare-tsare da yawan jama'a, ENSPD, kuwa a ƙarƙashin Jami'ar Paraku take, jami'ar da aka kafa a 2001. Ga gwanaye a cikin gari, ga ɗalibai a lise, amma babu wata gada ta hukuma tsakaninsu.

A ganina, neman a buɗe sabon darasi mai zaman kansa ba shi ne abin farko ba. Wa zai koyar? Makarantar horar da malaman kimiyya ta Natitingu ba ta yaye adadin da ya ishi ƙasar ba, shi ya sa tun 2019 gwamnati ke cike giɓi da malaman da ake kira AME, waɗanda da yawansu daga jami'a suka faɗa aji kai tsaye. Malamin da ke fama da aji cike maƙil, da manhajar da dole ya kammala kafin lokacin jarrabawa, ba takardar izini ce damuwarsa ba.

Akwai abin da ba ya jiran sa hannun minista. Tsarin koyarwar da Benin ke bi ya nemi a fara darasi daga wani lamari na rayuwa, don haka babu mai hana malami a Jugu tura ɗalibansa su rubuta farashin kwanon masara wajen 'yan kasuwa daban-daban, su dawo aji a yi gardama kan dalilin da ya sa rukuni biyu suka kawo matsakaici mabambanta. Babu kuma mai hana malaman ENSPD halartar taron da malaman lissafi ke yi a makarantunsu.

Sai dai ɗalibin tarminal da iyayensa abin da zai fito a bak suke tambaya, malamai ma haka. Muddin takardar lissafi ta tsaya ga ba yaro jadawali a ce ya fitar da amsa, hakan za a ci gaba da koyarwa. Masu son a ga canji a Paraku da Jugu, sufetocin lissafi da masu tsara tambayoyin bak ya kamata su nema, su roƙi a sa tambaya ko da guda ɗaya inda za a bayyana wa ɗalibi yadda aka ɗebo samfur, a ce ya faɗi ko sakamakon abin dogaro ne, da hujjarsa.