Sankarar Hanta: Abin da Likitoci Ke Yi In Fiɗa Ba Ta Yiwu Ba

Sankarar hanta tana cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya. A shekarar 2020 an ƙiyasta ta kama mutum fiye da 900,000, ta kashe fiye da 800,000. Ta fi yawa a Gabashin Asiya da Afirka, inda ƙwayar ciwon hanta iri na B ta yawaita, da kuma inda gyaɗa da masara kan yi funfuna a ma'aji, gama funfunar nan tana fid da wani dafi mai ɓata hanta.

Wahalar cutan nan ita ce ba ta yin ƙara. Kafin mutum ya ga ya rame, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, sau da yawa ta riga ta yi nisa. Sa'an nan likitan fiɗa ba shi da halin yanke ƙarin, ko don ya bazu, ko don hantar ta ƙanƙance har abin da zai saura ba zai riƙe rai ba. To, me ya rage?

Hanya ta fari ita ce a hana ƙarin abinci. Jini yana shiga hanta ta ƙofa biyu. Wajen kashi uku cikin huɗu yana zuwa ta babbar jijiyar da ta taso daga hanji, sauran kuwa ta jijiyar da ke kawo jini daga zuciya. Ƙarin sankara kusan duk abincinsa ta ƙofa ta biyu yake samu. Saboda haka likita kan zura wata siririyar roba ta jijiyar cinya, yana dubanta a na'urar hoto, har ta kai jijiyar da ke ciyar da ƙarin. Nan sai ya tura magani mai kashe sankara, ya bi shi da 'yan ƙwayoyi masu toshe hanyar. A 2002 gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Basalona ɗaya a Hongkong, suka nuna dabaran nan tana ƙara wa majinyata kwana. Wani lokaci kuma akan tura ƙwayoyi ƙanana ƙwarai masu fid da wani haske mai ƙona ƙarin daga ciki, wanda ƙarfinsa kan ragu da rabi cikin kwana uku ba kaɗan. Amma wannan hanya sai ga wanda cutar ba ta fita daga hantarsa ba.

Hanya ta biyu ƙwayoyin sha ne. A 2007 aka yarda da wani magani mai suna sorafenib, wanda ke hana ƙarin yi wa kansa sababbin jijiyoyin jini. An gwada shi a kan majinyata 602. Rabin waɗanda suka sha sun kai kusan wata 11 a raye, rabin waɗanda ba su sha ba kuwa kusan wata 8. Ribar ba ta da yawa, amma shi ne na farko da ya taɓa yin haka. A 2018 wani mai kama da shi, lenvatinib, ya biyo baya.

Hanya ta uku ita ce a tayar da garkuwar jiki. Sankara tana da wayon sa dakarun jiki su ƙyale ta. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan su ne suka gano yadda za a kwance wannan dabaibayi, har aka ba su kyautar Nobel a 2018. A 2020 aka nuna cewa in an haɗa atezolizumab da bevacizumab, ana ɗura su ta jijiya kowane mako uku, sun fi sorafenib amfani: wajen wata 19 maimakon 13. Sai dai kafin a fara, tilas a leƙa maƙoshi da tumbi, don na biyun yana iya sa jijiyoyin da suka kumbura su fashe.

Lalle ne mai sauraro ya gane cewa magungunan nan galibi jinkirta cutar suke yi, ba warkarwa ba. Suna da tsada ainun, kuma ba su dace da wanda hantarsa ta gaza ba. Irin wannan majinyaci haƙƙinsa ne a rage masa zogi da magani mai ƙarfi, a zuƙe masa ruwan ciki, a kula da shi cikin iyalinsa.

Amma rigakafi ya fi magani. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar rigakafin ciwon hanta na B a 1984, sankarar hanta kuwa ta ragu sosai cikin yaran ƙasar. Don haka a yi wa jariri allurar cikin sa'a 24 da haihuwarsa, a shanya gyaɗa ta bushe sarai kafin a adana, wanda kuma ke ɗauke da ƙwayar cutar ya riƙa zuwa asibiti kowane wata shida a duba hantarsa, tun ƙari yana ƙarami, ana iya cire shi.