Shin Ko Kun San? Iskar da Ke Ceto a Mita 6 Tana Kisa a Mita 50

Shin ko kun san masu nutso a teku da ke zarce mita 40 ba sa dogara da tukunyar iska ɗaya? Uku ko huɗu suke ratayawa, kowace da haɗinta, an rubuta mata iyakar zurfinta a jiki da manyan lambobi. Iskar da muke shaƙa, mai oksijin kashi 21 cikin ɗari, sauran kusan duk naitirojin, bugar da mutum take yi a can ƙasa kamar ya sha giya. Shi ya sa ake rage naitirojin a zuba hiliyom.

Ko kun san oksijin ma guba ce idan matsi ya yi yawa? Bafaranshe Paul Bert ya nuna haka tun 1878. Don haka tukunya mai oksijin kashi 50 ba a taɓa ta sai an hauro mita 21, zallar oksijin kuwa sai mita 6. Wanda ya ɗauki bututun da ba shi ba a mita 50, farfaɗiya na iya kama shi ba sallama, abin zuƙa ya suɓuce daga baki, sai ruwa.

To ga inda gizo ke saƙa. Kwamfutar da ke ɗaure a wuyan hannun mai nutso zurfi take aunawa da lokaci, amma ba ta san tukunyar da yake zuƙa ba. Sai ya gaya mata. Canji sau biyu ke nan: ɗaya a baki, ɗaya a maɓalli. Idan ya canja a baki ya manta da ita, za ta ci gaba da lissafi da tsohuwar iska, ta tsayar da shi a hanyar hawowa fiye da kima. Wannan da sauƙi, in dai iskar ta isa. Mafi muni shi ne ya ce mata yana kan oksijin alhali bai canja ba. Za ta gaskata shi, ta sallame shi da wuri, iskar da ta narke a jiki ta yi kumfa a jini da gaɓoɓi, wani har ya shanye. Kwamfutocin Shearwater na Kanada kan mai da lambar iskar ruwan ɗorawa idan akwai wadda ta fi dacewa, amma tuni kawai suke yi. A ganina abokin nutso da ke bin bututu da ido har zuwa tukunya kafin ya ba da alamar amincewa ya fi kowane maɓalli.

Ko kun san dabarar ta girmi kwamfutocin? Hannes Keller ɗan Suwizalan da likita Albert Bühlmann na Zurich su suka ƙware a sauya iska don gajarta hawowa. A 1962 Keller ya kai mita 305 kusa da tsibirin Catalina a Kalifoniya, amma abokin tafiyarsa Peter Small bai rayu ba. Lissafin Bühlmann, mai kasa jiki gida 16, shi yawancin waɗannan kwamfutoci ke bi har yau.

Canjin iskar kansa ma da nasa sharrin: barin hiliyom a koma naitirojin mai yawa farat ɗaya a zurfi na iya taɓa cikin kunne, jiri da amai su biyo baya.

Ko da ana sauya iska, hawowa daga zurfi na cin lokaci: Ahmed Gabr ɗan Masar, da ya kai mita 332 a Dahab cikin Bahar Maliya a 2014, mintoci kaɗan ya yi a sauka, hawowa ta ci masa fiye da awa 13.