Hoton da ke mayar da ganye fari

Ɗauki rimot ɗin talabijin, ka saita bakinsa da kyamarar wayarka, ka danna kowane maɓalli. A wayoyi da yawa za ka ga ɗan ƙwan da ke bakin rimot yana ƙyaftawa da launi mai kama da shuɗi-shuɗi, alhali idonka bai ga komai ba. Wannan shi ne hasken infirared, wanda William Herschel ya gano a Ingila a 1800. Ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku har launukan bakan gizo suka fito, ya ajiye ma'aunin zafi can gaba da ja, inda ba a ganin kowane launi, sai ga ma'aunin ya hau.

Idon ɗan'adam yana ganin haske mai tsawon zango daga kusan nanomita 400 zuwa 700. Sensar da ke cikin kyamara kuwa tana kaiwa wajen 1,100. Da an bar ta haka, launin fata da na tufafi duk sai su jirkice, shi ya sa kamfanoni ke manna mata ɗan siririn gilashi da ke tare hasken infirared. Masu sha'awar ɗaukar hoto da wannan haske sukan kai kyamara wurin gwani ya buɗe ta ya cire gilashin. Wani a sa masa matata mai barin hasken da ya haura nanomita 720 kaɗai. Wani kuma a sa masa gilashi garau, kyamarar ta riƙa karɓar komai, daga hasken da ke ƙasa da shuɗi har infirared, sai ya riƙa ɗaura matatar da yake so a bakin kyamara. A ganina wannan ta biyun ta fi wa mai koyo, don bai ɗaure kansa da launi ɗaya ba. Wanda ba ya son a taɓa masa kyamara zai iya sayen matata irin Hoya R72, sai dai dole ya kafa kyamarar a kan ƙafa uku ya jira daƙiƙoƙi, iska na kaɗa reshe hoto ya dagule.

Abin da ke fitowa yana da ban mamaki. Da tsakar rana, lokacin da masu hoto suka fi ƙi, sama takan yi baƙi ƙirin, ruwa ma haka, bishiyoyi da ciyawa su yi fari fat kamar an baza auduga. Mutane kan ɗauka aikin kwamfuta ne, ko kuma zafin bishiyar kyamara ta gani. Ko ɗaya ba haka ba ne. Kyamarar da ke ganin zafin jiki daban take, sensarta ma ba irin wannan ba ce. Ganye mai rai yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, amma ƙwayoyin cikinsa suna mayar da infirared waje da ƙarfi. Robert Wood, masanin kimiyya a Amurka, ya wallafa irin waɗannan hotuna tun 1910, har yau kuma da sunansa ake kiran wannan farin ganye.

Sojoji ba su yi sanya ba wajen gane amfanin abin. A yaƙin duniya na biyu Kodak ya yi fim ɗin da ke bambanta daji na gaske da tantin da aka shafa wa koren fenti, domin fenti ba ya mayar da hasken yadda ganye ke yi. Jikan wannan fim, Aerochrome, yana mayar da kore ya koma ruwan hoda. Da shi Richard Mosse, ɗan ƙasar Ailan, ya ɗauki mayaƙa a gabashin Kwango, riƙe da bindigogi a tsakiyar tsaunuka masu launin hoda, aikin da ya nuna a Banis ta Italiya a 2013. Wasu sun ce ya ƙawata bala'i; ni dai na ga ya sa mutane sun tsaya sun kalli yaƙin da suka gaji da jin labarinsa.

Abin yana da amfani ga noma da kiwo ma: ganyen da ƙishirwa ko cuta ta kama yakan rage mayar da hasken infirared. Taurarin ɗan'adam irin Landsat, wanda aka harba na farkonsa a 1972, suna auna bambancin jan haske da infirared daga sama, kuma da irin wannan awo masana ke bin yadda damina ta kama a yankin Sahel, su ga inda makiyaya za su sami ciyawa da inda gero ke neman ƙonewa tun kafin lokacin girbi.