Wata Shida a Baki, Mako Shida a Takarda

Akwai wata bishiyar dogon yaro a bayan ajin da nake koyarwa. A inuwarta wata yarinya 'yar shekara 9 ta yi zango guda tana yini da jariri a bayanta. Jaririn ɗan wata malama ne da muke aiki tare. In ya tsala kuka, sai yarinyar ta leƙo ta taga. Malama ta dubi allo, ta dubi taga, ta rasa wanda za ta bi. Wata rana da zafi ya tsananta, kuka ya ƙi ƙarewa, 'yar rainon ta ɗebi ruwan randa ta ɗura masa. Kwana biyu bayan haka zawo ya kama shi. Ya tashi, amma sai da ya rame kamar ba shi ba.

Da zancen ya zo gaban taron iyaye da malamai, wata uwa ta miƙe ta ce, "Malam, kullum rediyo na ce mana nono zalla har wata shida. To, wa zai ba mu wata shidan?" Ba wanda ya iya ba ta amsa. Ya ku iyaye, wannan tambaya ce na kawo mana a wannan wata.

Abin da masana lafiya suka ce

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta da wuyar ganewa. A sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwarsa. Kada a matse dakashi a zubar, gama shi ne rigakafinsa na fari. A ba shi nono kaɗai har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ba kunu, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ya ishe shi ko a zafin bazarar Sakkwato. Daga nan a haɗa masa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Binciken lafiyar iyali na ƙasa ya nuna a 2013 jarirai 17 cikin 100 ne suke samun nono zalla. A 2018 suka kai 29. An ci gaba, amma har a lokacin kusan jarirai 7 cikin 10 ba sa samu. Binciken 2018 ɗin ya kuma nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki.

Abin da doka ta ce

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace mai aiki hutun mako 12: shida kafin haihuwa, shida bayanta. In ta yi wata 6 a wurin aikin, za a biya ta aƙalla rabin albashi. In ta koma, tana da rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Ku lissafa da kanku. Mako shida kwana 42 ne. Wato ana gama wankan jego, ana yin arba'in, sai ta ɗauki jaka. Jariri kuwa a wannan lokaci yana neman nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda. Da baki an ce wata shida, a takarda an rubuta mako shida.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya sun fi samun sauƙi, hutunsu ya fi haka tsawo, a 2021 kuma aka amince wa maza hutun kwana 14. Jihar Legas ta ba ma'aikatanta mata wata 6 tun 2014, Kaduna ta bi sawu a 2019. Ashe abin mai yiwuwa ne in an so.

Amma mu faɗi gaskiya, mata nawa ne a Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, Kebbe ko Kuchi suke karɓar albashi? Mai suyar ƙuli-ƙuli, mai shago a bakin titin Jega, mai taya mijinta aikin albasa a fadama, ba wanda zai ba su hutu. Ranar da ba su yi aiki ba, tukunya ba za ta hau murhu ba. Abin da ke raba su da jariri shi ne nisan rijiya, da neman itace, da yinin da ake ɓatawa a layin asibiti. Uwar da ba ta ƙoshi ba kuma, gajiya kan sa ta yi saurin ɗauko kunu.

Amsar da muke samu

Kowace shekara, daga 1 zuwa 7 ga Agusta, ana Makon Shayarwa na Duniya, tun 1992 ake yi. A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana ba jarirai ruwa kafin wata 6. Ana jawabi, ana raba riguna da huluna, ana ɗaukar hoto. Wayar da kai abu ne mai kyau, ba mu raina ba. Sai dai uwa ta riga ta ji. Lokaci ne ba ta da shi.

In zaɓe ya ƙarato, amsar takan zama atamfa, da sabulu, da taliya. Wani ɗan takara ya taɓa zuwa unguwarmu. Mata suka roƙe shi ɗaki ɗaya kusa da kasuwa, da mace biyu masu raino. Ya ce, "An gama." Gafara sa muke ta ji, har yau ba mu ga ƙaho ba. Na kuma ga yaran wani sun kai wa mai jego gwangwanin madarar jarirai a ranar suna, suna ganin alheri suka yi. Alhali tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar hana tallar irin wannan madara da raba ta kyauta ga iyaye mata, Nijeriya kuma ta kafa tata doka a 1990, hukumar NAFDAC ce ke lura da ita. Gwangwani ɗaya ya ƙare cikin 'yan kwanaki, nono ya fara janyewa, uba ya shiga saye. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi tsada, sai a riƙa tsinka madarar da ruwa don ta kai. Daga nan sai zawo da tamowa.

Mu mutanen wannan yanki ba za mu ce ba mu da kowa a sama ba. Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003, ya zama Kakakinta daga 2011 zuwa 2015, ya yi gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023, aka kuma zaɓe shi sanata a 2023. Yana Kakaki aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko. Yana gwamna ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha a 2021. Ba don zargin mutum ɗaya na kawo wannan ba. Ina so mu ga cewa ba dokoki muka rasa ba. Tsakanin takardar da aka sa wa hannu da tabarmar mai jego akwai tafiya mai nisa, kuma sai an bi sawu take isowa.

Tambayoyi huɗu

Gunaguni a zaure ba ya gina ɗaki. In kansila, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, sa'an nan a tambaye shi:

Na ɗaya, hutun wata nawa malamai da ma'aikatan jinya mata suke samu, kuma yaushe zai kai shida da cikakken albashi?

Na biyu, asibitin gundumarmu yana da ungozoma mai kwana? Nawa ya samu daga asusun lafiya matakin farko bana?

Na uku, ina za a keɓe ɗakin raino a kasuwa, da sakatariya, da makaranta, kuma wa zai biya masu rainon?

Na huɗu, a wane wata za a gyara famfon unguwa?

A rubuta amsar, da kwanan wata, a ajiye a hannun shugabar Zumuntar Mata. A je tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama rijiya ɗaya muke sha, layi ɗaya muke bi a asibiti. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, saboda haka muna da dalilin tambayar shugaban ƙaramar hukuma ido da ido.

Namu kason

Kafin mu nuna wa wani yatsa, mu dubi gida. Bishiyar da na ba ku labari a makarantar ikkilisiya take, ba a ofishin gwamnati ba. Mu ma masu ɗaukar ma'aikata ne. Bayan wancan taro dattawa suka share wani ƙaramin ɗakin ajiya, aka shimfiɗa tabarma, wata gwauruwa ta karɓi raino a kan ɗan abin da iyaye suke tarawa. Aka gyara jadawali don malama ta riƙa fita tsakanin darasi. Yarinyar nan kuwa ta koma aji uku, inda ya kamata a ce tana nan tun fari.

Maigida, kai ma da naka. Ɗebo ruwa da faskare ba sa rage wa namiji girma. Ka ga cewa mai jego ta ci ta ƙoshi, wake, gyaɗa, zogale, da ɗan kifi in ya samu. In kaka ta ce a ba jariri ruwa, kai ne za ka yi mata bayani cikin ladabi, kada ka bar matarka da surukarta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu yi namu, sa'an nan mu nemi nasu da murya ɗaya. Wata shida ba ta jiran zaɓe mai zuwa. Jaririn da aka haifa yau, kafin a gama jawabi, ya riga ya fara rarrafe.