Tora-san: Ɗan tallan da Japanawa suka ƙi yarda ya mutu

A watan Maris na shekarar 1969 ne gidan talabijin na Fuji da ke Japan ya kammala wani wasan kwaikwayo, inda maciji ya sari jarumin wasan, Tora-san, ya mutu.

Masu kallo sun fusata, suka yi ta bugo waya suna ƙorafi. Cikin watan Agustan wannan shekara, darakta Yoji Yamada ya dawo da shi a raye a fim ɗin kamfanin Shochiku mai suna Otoko wa Tsurai yo, wato zama namiji akwai wuya.

A cikin fim ɗin, Tora-san, ɗan talla mai yawon gari-gari, ya koma unguwarsu ta Shibamata a birnin Tokiyo bayan shekaru 20. Ya yi tatul da giya a wurin ganin mijin da ake son haɗa ƙanwarsa Sakura da shi, maganar auren ta wargaje. Shi ma wadda ya kamu da sonta, ashe an yi mata miji.

A lokacin jama'a na tururuwa zuwa birane domin aikin kamfani, sai suka ga a jikinsa abin da suke rasawa: 'yancin kai, da unguwar da kowa ya san kowa.

Kiyoshi Atsumi ya fito a matsayin Tora-san a fina-finai 48 zuwa shekarar 1995, kafin rasuwarsa a 1996.